Na Yi Ta'aziyyar Mutumin da Na San Yana da Rai

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, manya da ƙanana, da fatan kowa ya tashi lafiya. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san akwai masu fara zagi tun daga layin farko, ba zan hana ku ba, amma duk abin da za ku faɗa mini na riga ku faɗa wa kaina. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce, an turo ni Batsari a shekarun nan da ƙauyuka suka riƙa tashi saboda ɓarayin daji. Aikina shi ne mutanen da suka rasa muhalli. In same su inda suka raɓe, a azuzuwan firamare ko kangon da ba a gama ba ko rumfunan kasuwa, in ji labarinsu, in nemo musu ɗaki a cikin gari, in kuma ci gaba da bibiyarsu don kada su sake komawa waje. Wanda bai yi aikin ba zai ɗauka samo ɗakin ne wahala. Wallahi riƙe shi ya fi wuya. Yau a ce yaransu sun cika ɓarna, gobe a ce sun ƙarar da ruwan rijiya, jibi matar gida ta ce an ɗauke mata tsintsiya, kuma ni ce mai zuwa ba da haƙuri, har takalmina ya san ƙofar kowane mai unguwa. Ba zan ɓoye muku ba, ina alfahari da aikina. Ina da baki, ba na jin kunyar roƙo, in na zauna a zauren mutum sai ya ga ba ni da niyyar tashi, ya miƙo mabuɗi don ya huta. Abokan aikina har tsokanata suke yi da dillaliyar da ba ta karɓar la'ada.

Akwai wani abu da sai wanda ya zauna a yankin nan zai gane. Mace da yara kowa na iya tausaya musu ya ba su ɗaki. Namiji baƙo daga ƙauyen da ke bakin daji kuwa, ba a ba shi wurin kwana sai wani ya tsaya masa, domin kowa tsoron infoma yake yi, wato mai kai wa ɓarayin daji labarin wanda ya sayar da sa da wanda ɗansa ya yi masa aike. Tsaya wa mutum kuma ba wasa ba ne. In wani abu ya faru a unguwar, ƙofar wanda ya tsaya masa 'yan sa-kai za su fara bugawa.

A wata firamare na haɗu da iyalin da zan kira iyalin Lawwali, sun taso daga wani ƙauye a yankin Ruma. Lawwali manomi ne, dogo mai sanyin magana. Matarsa Saude tana da tsohon ciki da yara biyu. Sai mahaifiyarsa, Inna, 'yar siririyar tsohuwa wadda hannunta ba ya zama haka nan, ko da yaushe tana ɓarar wani abu ko tana tsintar wani abu. Lawwali ɗanta ne na fari, ita kuwa irin iyayenmu ce na da. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Yayarta ce ta raine shi, yayar kuma ta rasu tun kafin su taso. Kada wani ya ce ban san wannan al'ada ba. Na san ta sarai, haka kakata ta yi wa babana har ta koma ga Allah.

An kusa komawa makaranta, hedimasta ya riga ya ce a kwashe masa mutane daga azuzuwa, Saude kuma haihuwa ta kusa. Na yi yawo kamar zan ƙarar da ƙafafuna, har na dace da wani Alhaji mai sayar da hatsi, yana da ɗaki ciki da falo a sashen baya na gidansa. Ya ce in kawo su ya gan su. A hanyarmu ta zuwa muka ci karo da wata mai tallan nono, Lawwali ya tsaya suka gaisa da Fillanci tiryan-tiryan, har da dariya. Mene ne a ciki? Rabin mutanen Ruma tare suka tashi da Fulani, tare suka yi kiwo suna yara, tare suke cin kasuwa. Amma na tsorata, don yanzu jin Fillanci kaɗai ya isa a zargi mutum da alaƙa da ɓarayin daji. Ba a daɗe ba wani mai gida ya watso wa iyalai da na zaunar kayansu waje saboda an zargi mutum ɗaya a cikinsu, kuma 'yan sa-kai sun zaunar da ni a benci sun yi mini tambayoyin da har yau ban manta ba. Da wannan tsoron na shiga zauren Alhaji.

Mun same shi tare da mai unguwa. Aka yi doguwar gaisuwa, aka jajanta, aka yi addu'ar Allah ya kawo ƙarshen abin. Sannan Alhaji ya dubi tsohuwa.

"Inna, wanga yaro naki ne ko?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Haka nan mutane ka cewa, Alhaji."

Alhaji ya yi murmushi, don ya gane. "To wane irin mutum ne? Kin yarda da halinshi?"

Ta juya kai wajen bango. "Ni ban san shi ba. A tambayi mutane."

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da take nufi. Uwa ba ta yabon ɗan fari a gaban jama'a. Gurbi take bari wani ya cike. Da yayarta na raye da tuni ta karɓe zancen, ta ce wane ai yaron kirki ne, ni na goya shi. Da akwai maƙwabcinsu ɗaya a wurin da ya yi. Babu kowa sai ni. Alhaji ya juyo, mai unguwa ya juyo, Lawwali ma ya ɗago ya dube ni da ɗan murmushi, irin na wanda ya san an zo wurin da za a faɗi alherinsa. Na yi makonni ina ganin mutumin nan yana ɗebo wa tsofaffin da ba nasa ba ruwa, na ga ya goya wani makaho zuwa asibiti, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Malama, ke fa?" in ji Alhaji. "Kin tsaya mashi?"

Na ce, "To Alhaji, ka dai ji abin da mahaifiyarsa ta faɗa."

Haka na ce. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na ɗauki kunyar tsohuwa na mayar da ita shaida a kan ɗanta, ina sane. Murmushin Alhaji ya ɗauke, ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa. Can Alhaji ya ce, "To, matan da yara su shigo. Shi kuma ya riƙa zuwa da rana shina gaishe su nan zaure, har mu ga abin da Allah zai yi." Inna ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, bakinta ya motsa, amma ba ta iya ba. Ta yaya za ta iya? Abin da ba ta yi ba tun tana amarya, a gaban maza biyu baƙi za ta fara? Lawwali kuwa cewa ya yi, "Mun gode, Alhaji. Malama, Allah shi saka da alheri." Ya koma firamare ya kwaso kayansu a ka, ya kawo har bakin ƙofar shiga cikin gida, ya ajiye a nan ya ja da baya.

Na gaya wa kaina na ɗan lokaci ne. Saude ta samu inda za ta haihu, yara sun samu rufi, shi namiji ne, zan nemo masa wani wuri. Amma kun san gari. Kafin mako ya zagayo zancen ya kai tasha da kasuwa: ga wani can wanda uwarsa ma ta ce ba ta san shi ba, ma'aikaciyarsu kuma ta ƙi tsaya masa. Duk ƙofar da na buga dominsa sai a ce, "Malama, ba shi ne wanda kika ƙi tsaya wa ba?" Ko dako aka daina ba shi. Ya koma kwana a rumfar kasuwa, can ma ana tashinsa. Me ya hana ni komawa wurin Alhaji in ce na yi kuskure, kunya ce irin ta iyayenmu, ni na tsaya masa? Tsoro, da kuma girman kai. Ni da ake yaba wa a ofis, in je in ce na yi ƙarya?

Da kaka ta yi, ya tare ni a bakin kasuwa. Ya rame, amma ya gaishe ni har da rusunawa.

"Malama, gero ya nuna can gida. Zan bi wasu mu tahi, ko na samu abin da na yanko. In na kawo ma Alhaji ko dami guda ne, ya san ni ba mutumin banza ba ne."

Na ce, "To, ka dai yi hankali."

Ban ce kada ka je ba. Ku ji gaskiyar da ban taɓa gaya wa kowa ba: sanyi na ji a raina, don zan huta da ganinsa na kwana biyu.

Bai dawo ba. Waɗanda suka tsira sun ce ɓarayi sun same su a gona a kan babura, suka kora mutane cikin daji, har da shi. Ba wanda ya bugo waya neman fansa, wataƙila sun san babu abin da za a bayar. Saude ta haifi 'ya mace. Ni kuwa na ci gaba da zuwa bibiya kamar yadda aiki ya tanada, kuma abin haushi, zaman ya yi kyau. Inna da matar Alhaji suka haɗa kai suna ƙuli-ƙuli, yara suka shiga makaranta, ko sau ɗaya ba a kira ni ba da haƙuri ba. A ofis da su ake ba da misali in ana maganar iyalin da suka zauna da gindinsu. Duk zuwan da na yi, in zan tafi sai Inna ta rako ni har bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malama, ba wani labari daga yamma, can wajen dajin?" Ba ta ce labarin wa ba. Ni kuma na fara ganinsa ko'ina. In na hango dogon mutum a kasuwa sai in tsaya ina leƙen fuskarsa. In na zo wucewa ta zauren nan sai in ga kamar ƙunshin kayan yana nan inda ya ajiye, har in kauce masa. A salla sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Damina ta sake zagayowa. Aikina yakan kai ni Safana, don akwai mutanenmu da ke raɓe a can. Wata rana da hantsi ina wucewa ta barandar wani ƙaramin asibiti, sai na ji an ce, "Malama." Wani mutum ne kwance a kan buhu, ƙashi da fata, ƙafafunsa sun kumbura, gashin kansa ya cukurkuɗe. Na ɗauka mai neman taimako ne, har na fara laluben jaka.

"Ba ki gane ni ba? Lawwali ne."

Na durƙusa a gabansa. Ya ba ni labari a hankali, yana hutawa. Da suka ji yana jin Fillanci sai suka ce ba za su sake shi ba, ya yi musu kiwo. Ya yi kiwo, ya ɗebo ruwa, ya yi girki, ya sha duka. Da ciwo ya ci ƙarfinsa suka ɗora shi a babur suka yar da shi a bakin hanya, wani mai amalanke ya tsince shi ya kawo shi nan. Yana gama faɗa ya tambaye ni.

"Suna nan cikin ɗakin?"

"Suna nan."

"Ruhin ba ya zuba?"

"Ba ya zuba."

"Saude ta sauka?"

"Ta sauka lafiya. Mace ce."

Ya rufe ido yana hamdala, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Na ce ya tashi in ɗauki mota in kai shi Batsari yanzu-yanzu. Ya girgiza kai.

"A'a, Malama. Wanda ya hito daji ba a biya komi ba, kin san sunan da za a kira shi. Da can ma ba a yarda da ni ba, bare yanzu da na kwana na tashi cikinsu. In na taka ƙohwar Alhaji, ran nan za a watso masu kaya waje, ni ko ba lallai in ga magariba ba. Ki bari tukuna. Kada ki hwaɗa ma kowa."

Na ce, "Lawwali, ranar nan a zaure, ni ce..."

Ya katse ni. "Ai kin samo masu ɗaki."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗa duka: har a lokacin, ina durƙushe a gabansa ina kuka, wani sashe na zuciyata yana tambaya, watannin nan da ya yi a can, kiwon kawai ya yi? Ban sani ba. Ba ni da hanyar sani. Wannan tunanin ya fi komai ba ni kunya, kuma har yau bai bar ni ba.

Na roƙi mai gadin asibitin ya ba shi lungu a bayan ɗakinsa, ban gaya masa duka labarin ba. Ina kai masa abinci da magani duk lokacin da na shiga Safana, ya fara takawa da sanda. Na ɗauka ina da lokaci, zan bi Alhaji a hankali, zan nemi liman, zan san yadda na yi. Sai ga shi makon da ya wuce wani mutum da danginsa suka fanso daga wurin ɓarayin nan ya iso Batsari. Mutumin kirki ne, ya nemi gidan da kansa don ya sauke nauyi. Ya ce da idonsa ya ga an ɗora Lawwali a babur kansa na reto, kuma da suka dawo sun ce ya mutu sun yar da shi. Ya rantse a gaban liman. Abin da ya gani ya faɗa, ba ƙarya ya yi ba.

Ni ban sani ba. Na je bibiya kamar kullum, sai na tarar da tabarmi a ƙofar gida, maza na zaune ana fatiha. Na shiga ciki na samu Saude a ƙuryar ɗaki ta shiga takaba, jaririya a cinyarta, mata sun kewaye ta. Kowa ya zuba mini ido ana jiran in yi abin da ake yi. Jama'a, na durƙusa. Da bakin nan nawa na ce, "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri." Mutumin da na bari shekaranjiyar ranar yana shan koko a Safana.

Da zan fita Inna ta riƙe mini hannu, riƙon da har yanzu ina jin shi. Ta ce, "Malama, ni na kashe shi. Da na buɗe bakina ran nan, da yana cikin gidan nan. Lawwali ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Lawwali ɗana ne." A gaban mata ta faɗa, da ƙarfi, tana maimaitawa. An ce tun ranar ba ta cin abinci sai an matsa mata.

A zaure Alhaji ya tsayar da ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Malama, na zalunci yaron nan. Ki gaya ma ofis ɗinku, ɗakin nan ya zama na marayu. Ba haya, ba mai tada su, ko bayan raina. Na faɗa ma 'ya'yana gaban liman."

Tun da na fara aikin nan abin da nake nema ke nan ga kowane iyali, ɗakin da ba wanda zai ƙwace. Ban taɓa samu ba sai yanzu, kuma don an ɗauka mai gidan ya mutu aka bayar.

Na san wasu za su ce ai Alhaji ya yi nadama, zai karɓe shi. Ni ma na yi wannan tunanin. Amma nadamar mamaci yake yi. In na ce masa yana raye, ya yi watanni a cikin ɓarayi, an sake shi ba fansa, ni kuma na sani na ɓoye har na zo na yi ta'aziyya, wa zai ƙara yarda da shaidata? Ko Alhaji ya yarda, unguwa za ta yarda? 'Yan sa-kai za su tsaya sauraron bayani? In na kwashe su zuwa Safana, can ba ni da ko rumfa, kango za su koma da jaririya a tsakiyar damina. In kuma na yi shiru, mace tana takabar mijin da ke raye, gobe wani ya fito neman aurenta, tsohuwa tana ƙarewa a kan laifin da nawa ne, yara ana shafa musu kai ana ce musu marayu. Da wane ido zan tsaya gaban Allah?

Lawwali bai san an yi zaman makokinsa ba. Gobe zan shiga Safana, zai tambaye ni lafiyar gida, ban san abin da zan ce masa ba. Ranar Juma'a za a yi masa sadaka, Alhaji ya riga ya ba da gero, Inna kuma ta aiko a ce mini in zo da wuri in taya su rabo, wai ba su da wanda ya fi ni.

Don Allah malamai, da iyaye, da duk wanda ya san yankin nan, ku taimake ni kafin Juma'a. Me zan yi?